Lambun hutu a bayan gida: da shuka ake farawa ko da wurin zama?

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da fili a bayan gida, tsawonsa mita 9, faɗinsa mita 6, wanda tun da muka tare babu abin da ke cikinsa sai ragowar bulo da yashin da magina suka bari. Na daɗe ina son in mayar da shi wurin da zan riƙa zama in huta idan na taso daga aiki, domin aikina na zama ne a gaban kwamfuta tun safe har la'asar, kuma nakan dawo kaina a cike. Bara na gwada, na sayo tukwanen furanni 12 na jera su a jikin katanga, amma kafin wata uku rabinsu sun bushe, sauran kuma sun zame mini wani sabon aiki da nake jin nauyinsa duk lokacin da na leƙa ta taga. A bayan katangar akwai titi da motoci ba sa yankewa. Ina neman shawarar waɗanda suka san abin: daga ina ya kamata in fara?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam, Malama. Shawarata ita ce kada ki sake sayen ko ganye ɗaya har sai kin yi mako guda kina wani abu mai sauƙi. Ki ɗauki kujera ki fita da ita a daidai lokacin da kike sa ran za ki riƙa amfani da wurin, ki zauna minti 20, gobe ki matsar da ita wani gefen, jibi wani gefen, har ki zagaye filin. Ki lura da inda inuwar gida take faɗuwa, da inda iska take bi, da inda maƙwabci zai iya hango ki daga bene, da kuma inda ƙarar titi ta fi sauƙi. Yawancin mutane sukan cika fili da shuka tukuna, sa'an nan su nemi ɗan abin da ya rage su ajiye kujera, shi ya sa ake samun lambu mai kyau a hoto amma babu mai zama a cikinsa.

Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Jay Appleton, ya yi bayani a 1975 cewa mutum ya fi samun natsuwa a wurin da bayansa yake a kare, gabansa kuma a buɗe, wato yana gani ba tare da ana ganinsa sosai ba. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin jira ya ga yadda kujerun jikin bango suke riga na tsakiya cika ya san akwai gaskiya a maganar. Saboda haka wurin zamanki ya jingina da bango ko shinge, ya fuskanci ɓangaren da ya fi tsawo, domin ido ya sami inda zai tafi.

Hajiya Rabi:
Malam Bashir, na yarda da rabin maganarka, amma ban yarda a ce wa yarinyar nan ta jira ba tare da an ambaci bishiya ba. Kujera ana ɗaukarta a hannu ɗaya a canja mata wuri a minti guda, ita kuwa inuwa shekaru take ɗauka kafin ta samu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Na shekara fiye da 30 ina shuka, abin da na fi nadama a kai shi ne shekaru huɗun farko da na ɓata ina wasa da furanni ban dasa bishiya ba. 'Yata Hadiza, ki fara tunanin gefen yamma, domin ranar yamma ce take gasa bango da ƙasa, zafin kuma ya ci gaba da fitowa har bayan magariba, daidai lokacin da kike son zama. Sai dai fili mai mita 9 ba ya ɗaukar kowace bishiya. Ki guji dangin cediya da durumi, saiwarsu tana bin danshi har ta ɗaga daɓe, ta tsaga katanga, ta shiga magudanar ruwa. Ki nemi bishiya matsakaiciya wadda ta saba da yanayin inda kike, ki tambayi mai sayar da dashe iya faɗin da take kaiwa idan ta girma, ki nisanta ta da ginin gida gwargwadon haka.

Malam Bashir:
Hajiya, ba mu saɓa ba sosai. Mako guda na ce, ba shekara ba. Kuma idan ba ta san inda za ta zauna ba, ta yaya za ta san inda take son inuwar ta faɗi?

Usman:
Ku gafarce ni iyayena, ina da tambaya kafin a yi nisa. Ina yawan ganin ana cewa lambu yana warkar da damuwa, yana rage hawan jini, yana yin kaza da kaza, kuma a ganina yawancin masu faɗin haka suna da abin da suke son sayarwa. Shin akwai wani bincike na gaskiya a kan wannan, ko kuwa dai mutum yana jin daɗi ne kawai saboda ya kashe kuɗi kuma ba ya son ya ce ya yi asara?

Malama Zainab:
Tambayarka tana kan hanya, Usman, kuma a matsayina na ma'aikaciyar jinya na taɓa yi wa kaina ita. Binciken da aka fi ambata shi ne na Roger Ulrich, wanda aka buga a mujallar Science a 1984. Ya duba bayanan marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar cire matsarmama a wani asibiti a jihar Fensilbaniya ta Amurka, rabinsu tagar ɗakinsu tana kallon bishiyoyi, rabin kuma tana kallon bangon bulo. Masu kallon bishiyoyi sun riga sauran barin asibiti, sun kuma sha magungunan kashe ciwo masu ƙarfi ƙasa da na sauran. Amma gaskiya ita ce adadin mutanen kaɗan ne, kuma bambancin kwanakin bai kai cikakken kwana guda ba, don haka ba hujja ce da za a ce da ita lambu magani ne ba.

Abin da ya fi dacewa da halin Malama Hadiza shi ne aikin Rachel Kaplan da mijinta Stephen Kaplan na Jami'ar Mishigan. Sun bambanta hankalin da mutum yake tilasta wa kansa, irin wanda ake buƙata a gaban kwamfuta ko a cunkoson hanya, wanda yake gajiya kamar yadda tsoka take gajiya, da kuma hankalin da yake tafiya da kansa ba tare da ƙoƙari ba, kamar idan mutum yana kallon ganye yana kaɗawa ko tsuntsu yana shan ruwa. A ra'ayinsu, na biyun ne yake ba na farkon damar farfaɗowa. Akwai kuma wani bincike na 2019 da aka yi a kan mutane kusan 20,000 a Ingila, wanda ya nuna cewa waɗanda suke yin aƙalla minti 120 a mako a cikin tsirrai da sarari sun fi bayyana cewa suna cikin ƙoshin lafiya. Sai dai a lura, mai lafiya ne ya fi iya fita, saboda haka binciken bai tabbatar da wanne ne ya haifi wanne ba. Kuma duk wanda damuwa ta yi masa nauyi har ta hana shi barci ko aiki, likita zai gani, lambu kuma ya zama ƙari.

Usman:
Na gode, Yaya Zainab, wannan amsa ta gamsar da ni domin ba ki ƙara mata gishiri ba. To bari ni ma in ba da abin da na sani, tunda harkar gini nake karanta. Game da ƙarar titi, kada Malama Hadiza ta ɗauka cewa shingen tsirrai zai tare ta. Ganye yana tare ido, amma sauti yana ratsa shi kusan kamar babu komai. Abin da yake tare ƙara shi ne abu mai nauyi wanda ba shi da kafa, kuma tsayinsa ya kai ya raba kunnen mai zama da tayoyin mota. Katangar da ta kai haka takan rage kimanin desibal 5 (desibal shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kunne kuwa sai an rage kusan desibal 10 yake jin kamar ƙarar ta ragu da rabi. Wannan yana nufin ta duba ko akwai ƙofa mai ramuka ko bulo mai huji a katangar ta toshe, kuma ta zauna kusa da katangar a kujera mara tsayi, domin a gindin katanga ne ƙarar ta fi rauni, ba a can tsakiyar fili ba.

Sauran ƙarar da ta tsallako kuma ba a kashe ta, rufe ta ake yi da wani sautin da kunne ya fi so. A birnin Niyok na Amurka akwai wani ɗan ƙaramin wurin hutu da ake kira Paley Park, wanda aka buɗe a 1967 a tsakanin dogayen gine-gine, inda aka yi bango mai tsayin kusan mita 6 ruwa yana gangarowa a jikinsa, har mai zama a ciki yakan manta cewa titi yana bayansa da 'yan taku kaɗan. Ba ina cewa ta gina irinsa ba, ƙaramin ruwa mai zuba kusa da kujera ya fi babba mai nisa amfani.

Hajiya Rabi:
Da na ji an ambaci ruwa sai gabana ya faɗi. Na taɓa yin ɗan kududdufi saboda na gani a gidan wata ƙawata ya burge ni, na ɗauko wani mai aiki ya haƙa ya shafe da siminti, ya tafi bai gaya mini cewa ruwan da ba ya motsi gidan sauro ba ne. Wata biyu ba a yi ba muka daina iya zama a waje da yamma, ga gansakuka ta mayar da ruwan kore, ga jikokina da nake fargabar su faɗa. A ƙarshe ƙasa na sa aka cika shi na shuka na'a-na'a a kai. Wurin hutun da ya kore ka cikin ɗaki tun kafin isha'i ai ba wurin hutu ba ne.

Malama Zainab:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma abin ya wuce cizo. A lokacin zafi sauro yana iya kammala girma daga ƙwai zuwa mai tashi a cikin mako guda zuwa kwana 10, kuma wasu nau'o'insa ruwan da ya taru a farantin ƙarƙashin tukunyar fure ma ya ishe su. Ƙaramin yaro kuma yana iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon tafin hannu ba, cikin shiru, ba tare da kowa ya ji ba.

Malam Bashir:
Duk abin da kuka faɗa haka yake, amma akwai hanyar samun sautin ruwa ba tare da buɗaɗɗen ruwa ba. Ana binne roba ko ƙaramin tanki a ƙasa, a rufe bakinsa da ragar ƙarfe mai ƙarfi da kuma raga mai ƙananan idanu, a zuba tsakuwa a kai, sa'an nan a sa ɗan injin tura ruwa ya riƙa hawo da shi ta cikin tulu ko dutsen da aka huda, ya malalo ya koma ƙasa ta cikin tsakuwar. Yaro ba shi da inda zai faɗa, sauro kuma ba ya samun kwantaccen ruwa, muddin ana barin injin yana aiki, idan kuma za a yi tafiya a kwashe ruwan. Abu guda da zan ja kunne a kai shi ne sautin kansa: ruwan da yake faɗowa daga sama da ƙarfi yana kama da famfon da aka manta a buɗe, yana tayar da hankali maimakon kwantar da shi. A rage ƙarfin injin har sai sautin ya zama kamar raɗa.

Malam Idris:
Ina bin muhawarar tun farko ban sa baki ba, amma batun katanga da ruwa ya tuna mini da wani abu daga fannina na harshe. Kalmar Firdausi da muka sani asalinta daga tsohon harshen Farisa take, inda take nufin wuri mai katanga a kewaye, kuma kalmar janna a Larabci ma'anarta lambu, daga tushen da yake nufin rufewa da suturtawa. Mutanen da suka rayu a busassun ƙasashe sun fahimci tun da daɗewa cewa abubuwa uku ne suke sa wuri ya zama mafaka: katanga, inuwa, da ruwa mai gudana. Daga nan aka sami tsarin lambu mai kashi huɗu wanda hanyoyin ruwa suke rabawa, irin wanda yake gaban Taj Mahal a Agra ta Indiya. A fadar Alhamra ta Garnaɗa a Andalus, wato kudancin Sifaniya ta yau, kuwa, yawancin ruwan siriri ne, yana bin 'yan ƙananan magudanai a cikin daɓe. Abin da nake so Malama Hadiza ta ɗauka shi ne, katangar da take gani kamar ta takura filinta, a wajen waɗancan mutanen ita ce farkon lambu.

Usman:
Tunda matsalar Malama ta farko ita ce tsirrai suna mutuwa kuma suna zame mata aiki, me zai hana ta bi tsarin Japan na lambun duwatsu? A haikalin Ryoan-ji da ke Kiyoto, lambun da mutane suke zuwa gani daga ko'ina a duniya duwatsu 15 ne kawai a kan farar tsakuwa, an jera su ta yadda mai zama a baranda ba ya iya ganinsu duka a lokaci guda. Babu ban ruwa, babu taki, babu abin da zai bushe.

Hajiya Rabi:
Ɗana Usman, tsakuwar nan da kake gani a hoto da layuka a jikinta, mutum ne yake bin ta da manjagara yana gyarawa, kuma duk ganyen da ya faɗi sai an tsince shi. Ban da haka, a wuri mai rana sosai farar tsakuwa tana kashe ido, dutse kuma yana riƙe zafi, alhali ganye yana fitar da danshi yana sanyaya iskar da ke kewaye da shi. Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda kuke maganar aikin lambu kamar wata cuta da ake gudu. Ni kam ban taɓa samun hutu a kan kujera kamar yadda nake samu idan na tsuguna ina cire ciyawa da asuba ba, hannuna a cikin ƙasa, babu mai kira na, babu abin da nake tunani sai abin da ke gabana. Wanda ya yi lambun da ba ya buƙatarsa, ba zai daɗe ba zai daina shiga.

Malam Bashir:
Wannan ita ce maganar da ta fi kowace nauyi a zaren nan, Hajiya, kuma ina ganin amsarta ta danganta da mutum. Ke aikin lambu hutu ne a gare ki domin kina da lokacinsa kuma hannunki ya saba. Ita kuwa Malama Hadiza ta faɗa da bakinta cewa tukwane 12 sun zama abin da take jin nauyinsa ta taga, wato lambun ya koma cikin jerin abubuwan da ake bin ta bashi. Saboda haka ina ganin ta fara da tambayar kanta minti nawa za ta iya bayarwa a rana ba tare da ta ji an tilasta mata ba, ta yi lambu daidai wannan adadin. Tukunya ta fi kowane irin shuka wahala, domin ƙasarta kaɗan ce, tana bushewa da wuri, saiwa kuma tana dahuwa idan rana ta bugi jikin tukunyar. A shuka a ƙasa, a zaɓi nau'i uku ko huɗu a maimaita su maimakon kowane iri ɗaya ɗaya, a rufe gindinsu da busasshiyar ciyawa ko ɓawon itace mai kaurin santimita 5 zuwa 8 ba tare da ya taɓa jikin shukar ba, a haɗa masu son ruwa wuri guda. Sa'an nan a bar ɗan fili ɗaya kusa da kujera, na kayan ƙamshi kamar ɗoɗɗoya da na'a-na'a, wanda hannu zai riƙa taɓawa kullum. Idan son aikin ya kama ta kamar yadda ya kama ki, fili yana nan, sai ta ƙara.

Malama Zainab:
Ƙarin bayani kaɗan game da zaɓen tsirrai, musamman idan akwai yara ko dabbobi: oliyanda da ake yawan yin shinge da ita dafi ce tun daga ganye har fure, haka ma zaƙami da 'ya'yan zurma. Kuma idan akwai mai asma a gidan, a gwada ƙamshin furen dare kafin a dasa shi a gindin taga, domin wasu suna da ƙarfin da yake shaƙe mutum. Idan kuma tsofaffi za su riƙa shiga, hanyar ta zama shimfiɗaɗɗiya mara santsi, faɗinta ya kai kusan mita 1.2 domin mutum biyu su jera, kujerar kuma ta kasance mai tsayin kusan santimita 45 da wurin dafa hannu.

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana 10, kuma ina godiya ga kowa, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin kujerar da Malam Bashir ya ce, abin ya ba ni mamaki. Kusurwar da na daɗe ina ƙiyasta cewa nan zan zauna, wato can ƙarshen filin, ashe daga benen maƙwabtanmu ana ganinta sarai, kuma duk ranar da na kai kujera can ban iya cika minti 20 ba. Inda na fi daɗewa shi ne gindin katangar titi ta ɓangaren da ya fi kusa da ƙofar baya, wurin da da nake ajiye shara, kuma kamar yadda Usman ya faɗa, ƙarar motoci ta fi sauƙi a nan. Na kuma gano cewa idan na fita da waya babu bambanci tsakanin zama a can da zama a ofis, don haka yanzu a ɗaki nake barinta. Hajiya, na auna inda inuwa za ta faɗi, na haƙa ramin bishiya a yamma da kujerar, mita 4 daga ginin gida. Ruwa kuma na ɗage shi zuwa baɗi. Abin da ya rage mini shi ne fitila, domin wadda take wurin fara ce fal, tana tara ƙwari, kuma tana sa wurin ya yi kama da harabar ma'aikata.

Malam Bashir:
Ki canja ta da mai haske ruwan ɗorawa, wadda aka rubuta 2700K ko ƙasa da haka a jikin kwalinta, domin irinta ba ta jan ƙwari kamar fara. Ki sauko da ita ƙasa da tsayin ido, ta haska hanya kawai, kuma ki nisanta ta da kujerar da 'yan taku, ta yadda ƙwarin da suka zo za su taru a can.

Hajiya Rabi:
Ramin nan, 'yata, ki faɗaɗa shi ya ninka jakar dashen sau biyu, amma kada ya fi ta zurfi, domin bishiyar da aka binne wa wuya ba ta yin ƙarko. Ki cika shi da ruwa yau ki duba gobe da safe, idan ruwan yana nan bai tsotse ba ki gaya mini kafin ki dasa komai.